Sauya wa Tsohon Rubutu Riga: Darasin Harsunan Kwamfuta ga Masu Adana Rubutun Hausa

Gabatarwa

A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a birnin Damagaram. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Tsakanin waɗannan lokuta biyu an tara rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, kama daga littattafan karatu da ƙamusoshi har zuwa ƙasidun yaƙi da jahilci. An buga wasu da keken rubutu, wasu kuma suna cikin fayilolin da kwamfutocin yau ba su iya nuna su daidai. Bayan waɗannan akwai gadon da ya girme su, wato rubutun ajami na zaurukan malamai. Yanzu da harshen ya sami sabon matsayi, buƙatar dawo da wannan dukiya cikin siga ta zamani ta ƙaru, kuma tambayar da ke bakin ɗalibai ita ce ko akwai manhajar da za ta yi aikin da kanta.

Masana kwamfuta sun daɗe suna fama da irin wannan tambaya game da tsofaffin manhajojinsu. Abin da suka koya yana da amfani ga mai nazarin harshe. Na'ura tana juya siga cikin sauri da aminci matuƙar dai bayanin da ake buƙata yana cikin rubutun, amma duk abin da marubucin farko ya bari a zuciyarsa ko a al'adar zamaninsa, sai mutum ya nemo shi. Wannan muƙala za ta bi yadda ake juya umarnin kwamfuta daga harshe zuwa harshe, sannan ta auna rubutun Hausa da wannan ma'auni.

Tsofaffin manhajoji da nauyinsu

Manhaja jerin umarni ce da mutum ya rubuta cikin wani harshe ƙirƙirarre. Harshen FORTRAN ya fito a 1957 domin lissafin kimiyya, COBOL kuma ya biyo baya a 1959 domin harkokin kasuwanci da mulki. Har yau bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati a ƙasashe da yawa suna dogara da manhajojin COBOL, alhali waɗanda suka rubuta su sun yi ritaya ko sun rasu. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito fili yana neman masana COBOL, domin tsohon tsarin biyan tallafin marasa aikin yi ya kasa ɗaukar yawan masu nema.

Sauya irin waɗannan manhajoji ɗungurungum yana da tsada ƙwarai. Commonwealth Bank na Ostareliya ya shafe kimanin shekara biyar, ya kashe kusan dala miliyan 750 na Amurka, kafin ya maye gurbin tsohon tsarinsa. Wannan tsada ce ta sa aka duƙufa wajen ƙera manhajojin juyi, waɗanda ke karanta umarni cikin wani harshe su fitar da shi cikin wani. Akwai f2c, wadda aka ƙera a Bell Labs domin mayar da FORTRAN zuwa C. Akwai 2to3, mai ɗaga rubutun Python 2 zuwa Python 3. Akwai kuma C2Rust, mai juya C zuwa Rust.

Li'irabi a cikin na'ura

Hanyar da waɗannan manhajoji ke bi ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin ginin jumla, domin tushensu ɗaya. A 1956 Noam Chomsky ya tsara nau'o'in nahawu gwargwadon ƙarfinsu, ciki har da nahawun da dokokinsa ba su dogara da muhalli ba. A 1959 John Backus ya fito da hanyar rubuta dokokin harshen ALGOL, wadda Peter Naur ya gyara a rahoton 1960. Daga baya aka tabbatar cewa hanyar Backus da wancan nau'in nahawu na Chomsky ƙarfinsu ɗaya ne. Dokar da ɗalibi ke rubutawa a aji, cewa jumla tana rabuwa zuwa yankin suna da yankin aiki, irinta ce mai ƙera harshen kwamfuta ke rubutawa.

Manhajar juyi tana fara yanka rubutu zuwa kalmomi da alamomi. Sai ta yi musu li'irabi, ta gina bishiyar da ke nuna wane yanki ke ƙarƙashin wane. Daga nan ta sauya rassan bishiyar bisa dokokin da aka ba ta, ta sake rubuta su cikin harshen da ake nufa. Wannan mataki yana tafiya lami lafiya saboda an ƙera harsunan kwamfuta ne da gangan domin kowace jumla ta sami li'irabi ɗaya tak. Jumlar Hausa irin “Audu ya ga Bala yana gudu” tana iya barin mai sauraro yana tambayar wane ne ke gudun. Harshen kwamfuta ba ya yarda da irin wannan harshen damo.

Inda ma'ana ke zubewa

Matsala tana kunno kai ne bayan an gama da nahawu. A Python 2, idan aka raba 5 da 2, amsar ita ce 2, domin harshen yana zubar da guntun da ya rage. A Python 3 wannan rubutu ɗaya yana ba da 2.5. Manhajar 2to3 tana gyara sigar umarnin bugawa ba tare da wahala ba, amma alamar rabawa takan bar ta yadda take, domin daga kallon layin kaɗai ba a sanin irin lambobin da za su shiga cikinsa, balle abin da marubucin ya nufa. Sabon rubutun zai yi aiki ba tare da ƙorafi ba, amsarsa ce kawai za ta sauya.

Akwai misalin da ya shafi mai nazarin Hausa kai tsaye. Idan aka adana kalmar “ƙasa” cikin tsarin UTF-8, harafin ƙ yana cin gurbi biyu a ma'ajiyar kwamfuta, sauran haruffan kuma gurbi ɗai-ɗai. Python 2, idan ba a yi masa bayani na musamman ba, guraben yake ƙirgawa, ya ce tsawon kalmar biyar ne. Python 3 haruffa yake ƙirgawa, ya ce huɗu. Duk malamin da ya gaji wata tsohuwar manhajar ƙididdigar kalmomi, ya juya ta, zai iya samun alƙaluman da suka saɓa wa na binciken baya, alhali matanin da aka ƙirga bai canza ba.

COBOL ma yana da nasa ɓoyayyun al'adu. Yana lissafin kuɗi da tsarin goma-goma, kamar yadda akawu ke yi a littafi. Harsuna da yawa na zamani kuwa, idan ba a zaɓi hanya ta musamman ba, da tsarin biyu-biyu suke lissafin guntayen lambobi, inda 0.1 a tara da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Wannan ɗan bambanci, idan ya maimaitu cikin miliyoyin asusu, yakan zama kuɗi na gaske. Haka nan manyan kwamfutocin IBM suna amfani da tsarin haruffa na EBCDIC, wanda ke sa haruffa gaba da lambobi wajen jerawa, alhali tsarin ASCII lambobi yake gabatarwa. Jerin da tsohuwar manhaja ta dogara da shi yana iya birkicewa ba tare da an taɓa ko layi ɗaya na umarninta ba.

Wannan iyaka tana da tushe a ilimin lissafi. A 1953 Henry Gordon Rice ya wallafa hujjar da ke nuna cewa babu wata hanya gama-gari da na'ura za ta bi ta yanke hukunci kan halayyar kowace manhaja. Daga cikin abin da hakan ke nufi, babu manhajar da za ta iya tabbatar da cewa kowaɗanne manhajoji biyu da aka kawo mata aikinsu ɗaya ne. Saboda haka masu juyi suka dogara da gwaji: a ba tsohuwa da sabuwa tambayoyi iri ɗaya, a kwatanta amsoshinsu. Ko masu binciken Facebook da suka fitar da TransCoder a 2020, mai amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen juyi tsakanin C++ da Java da Python, da irin wannan gwaji suka auna nasararta, domin kamannin rubutu da na ƙwararre bai isa shaida ba.

Matakai uku na juyin rubutun Hausa

Rubutun Hausa na da yana buƙatar juyi iri uku, kuma wahalarsu tana ƙaruwa gwargwadon yawan bayanin da ya ɓace daga takarda.

Na farko shi ne juyin lambobin haruffa. Kwamfuta lamba take adanawa, sai kunshin siffofin haruffa, wanda ake kira font, ya nuna wa ido siffar da ta dace da lambar. Tsofaffin tsare-tsare gurbi 256 kawai gare su, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a ciki. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ya fito a 1991, amma ya ɗauki shekaru kafin ya game ofisoshi da maɗaba'u. Kafin nan masu buga littattafai dabara suka yi: sukan zana harafi mai ƙugiya a gurbin wani harafin da Hausa ba ta buƙata. A ce wani ya zana ƙ a gurbin q. Muddin font ɗinsa yana cikin kwamfuta, “ƙasa” za a gani, ranar da aka buɗe fayil ɗin a wata na'ura kuwa sai “qasa” ta bayyana. Gyaran yana da sauƙi a ido, wato a mayar da kowane q zuwa ƙ, kuma akwai kayan aiki irin TECkit na ƙungiyar SIL da aka ƙera domin haka. Sai dai littafin Nijar sau da yawa Hausa da Faransanci ne a haɗe, kuma dokar da ta gyara “qasa” ita ce za ta mayar da “quatre” ta koma “ƙuatre”. Dole manhajar ta duba font ɗin da aka rubuta kowane yanki da shi kafin ta taɓa shi. Bayan an juya ma da sauran aiki, domin lambar ɓ a Unicode tana bayan ta z, don haka jeri na lamba zalla zai ajiye “ɓera” bayan “zuma”. Wannan ita ce matsalar EBCDIC da ASCII cikin rigar Hausa.

Na biyu shi ne juyin ƙa'idojin rubutu. Tun taron UNESCO na Bamako a 1966 ake ƙoƙarin daidaita rubutun harsunan yankin, kuma a 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa na ƙasar. Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne Nijar tana rubuta “ƴaƴa”, Nijeriya kuma “'ya'ya”. Doka ɗaya tana iya juya wannan, amma alamar da ke gaban y tana zuwa da siffofi daban-daban a kwamfuta, kuma ita ce wasu ke buɗe zance da ita. Idan zancen ya fara da “yara”, dokar za ta haifi “ƴara”, kalmar da marubucin bai rubuta ba.

Sunayen garuruwa sun fi wannan sarƙaƙiya, domin yawancinsu da ƙa'idar Faransanci aka rubuta su. Haruffan “ou” suna wakiltar u a Tanout, amma w suke wakilta a Madaoua. Wannan dokar muhalli tana iya warware shi, tunda tsakanin wasula biyu w ake samu. Maradi kuwa babu wata alama a rubuce da za ta shaida wa na'ura cewa Maraɗi ce, sai an ba ta jerin sunaye. Droum, ƙaramar hukumar da ke gundumar Mirriah a jihar Damagaram, ta fi su koyar da darasi. Idan aka bi doka za a sami “Drum”, alhali gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere: baƙi da wasali ne, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Bahaushe zai sa wasali tsakanin d da r, kuma rubutun Faransanci bai adana wannan wasali ba. Wurin samunsa shi ne bakin mutanen garin. Duk mai tsara taswira ko rajistar makarantu da Hausa zai ci karo da irin wannan a ɗaruruwan ƙauyuka.

Na uku shi ne juyi tsakanin ajami da boko, inda kowane tsari ya adana abin da ɗan'uwansa ya yar. Ajami yana nuna tsawon wasali, don haka yana bambanta “gari” na zama da “gari” na tuwo, wanda wasalinsa na farko dogo ne. Boko na yau da kullum bai damu da wannan ba. Juyi daga ajami zuwa boko yana zubar da tsawon, juyi daga boko zuwa ajami kuma yana buƙatar a san ma'anar kowace kalma kafin a rubuta ta. A ɗaya ɓangaren, marubutan ajami da yawa harafi ɗaya suke yi wa b da ɓ, ta yadda “bari” da “ɓari” ke zama abu ɗaya a takarda, kuma rufu'a tana ɗaukar nauyin u da o. Karin sauti kuwa duka biyun sun bar shi, shi ya sa “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya sai jumla ke raba su. Bugu da ƙari, ajami bai taɓa samun hukuma ɗaya da ta daidaita shi ba. Kowane malami da hannunsa, kuma dokar da ta yi aiki a kan kundin wani tana iya ɓata na wani.

Abin da aikin DiLAF ya nuna

Nijar tana da misali na zahiri. Shirin tallafa wa ilimin tushe mai suna Soutéba ya samar da ƙamusoshin makaranta na Hausa, Kanuri, Tamajaq da Zarma, kowanne haɗe da Faransanci, kuma na Hausar ya fito a 2008. Fayilolin Word ne da aka tsara domin maɗaba'a. Daga baya aikin DiLAF, wanda ya haɗa Chantal Enguehard ta Jami'ar Nantes da Mathieu Mangeot da masana harshe na cibiyar INDRAP da ke Yamai, ya ɗauki nauyin mayar da su ƙamusoshin intanet.

Masu aikin ba su sami wata manhaja guda da ta yi kome da kanta ba. Sun mayar da haruffan tsofaffin font zuwa Unicode, sun fitar da tsarin XML da ke ƙarƙashin fayilolin, sannan suka rubuta dokokin nema da sauyawa da ke sa wa kowane yanki alamarsa, a san wannan kalmar shiga ce, wancan ajin kalma ne, wancan kuma misali. A ƙamus na takarda kaurin harafi ko karkatarsa ke nuna waɗannan, kuma ido yana yafe wa mai buga rubutu idan ya yi kuskure a wuri ɗaya. Na'ura ba ta yafewa, don haka duk inda tsari ya kauce sai masanin harshen ya duba ya gyara. Wannan ya yi daidai da abin da ya faru a kamfanin Google lokacin da aka mayar da manhajar tafintan harshen Go daga C zuwa Go, aikin da ya bayyana a fitowar Go 1.5 a 2015. Russ Cox ya rubuta manhajar juyi ne domin wannan rubutu kaɗai, bisa sanin halayen waɗanda suka rubuta shi, shi ya sa ta yi nasara.

Kafin a zaɓi kayan aiki

Daga waɗannan darussa ana iya fitar da ƴan ƙa'idoji. A ajiye asali yadda yake, tare da tsohon font ɗinsa da hoton shafukansa, domin shi ne alƙali idan gardama ta taso. A sa kwamfuta ta lissafo dukkan haruffan da ke cikin fayil da yawan kowanne, domin a nan ake gano baƙon harafin da ke ɓoye da ƙugiya. A zaɓi wasu shafuka a juya su da hannu tun kafin a kunna manhaja, su zama ma'aunin gwaji. Idan juyin yana da hanyar komawa, a mayar da sakamakon baya a ga ko ya dawo daidai da asali. Sannan a fifita manhajar da ke tsayawa ta nuna wurin shakka a kan wadda ke cike gurbi da hasashe.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ta fi muhimmanci a zamanin ƙirƙirarriyar basira. Manyan manhajojin da ke rubuta zance suna fitar da Hausa mai santsi, kuma santsin ne ke ɓoye kuskure. An horar da su da rubutun da ya fi yawa a intanet, wanda ya karkata ga daidaitacciyar Hausa. Idan aka ba su matanin da ya rubuta “hwara” bisa karin harshen yamma, akwai haɗarin su ɗauke shi kuskure su mayar da shi “fara”. Mai karanta labari ba zai ga asara ba. Mai nazarin karin harshe kuwa ya rasa shaidar da yake nema, kuma ba zai san ya rasa ta ba sai ya koma ga asali.

Kammalawa

Manhajojin juyi suna rage aikin shekara ya koma na mako, kuma babu dalilin ƙin amfani da su. Sai dai ingancin abin da suke fitarwa ya rataya ne ga dokokin da aka ba su da gwajin da aka yi musu, kuma rubuta dokokin Hausa aikin masanin tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jumla ne. Sassan nazarin harshe suna iya farawa da abin da ke kusa: teburin juyi na kowane tsohon font da aka yi amfani da shi a Nijar, jerin sunayen garuruwa da ƙauyuka kamar yadda mazaunansu ke furta su, da bayanin hannun kowane malamin ajami da aka nazarci kundinsa. Tsofaffin faifan ajiya suna lalacewa, waɗanda suka san sirrin tsofaffin font suna barin aiki kamar yadda masana COBOL suka bari, saboda haka aikin da ya fi gaggawa shi ne a same su a rubuta abin da suka sani.